Kwaɗayin Sabon Kaya: Yaushe Makaɗi Yake Ƙoshi?

Duk wanda ya bi titin Kano zuwa Zariya a tsakiyar rani ya san inda ƙasa take sauya launi. Da an wuce Karfi an doshi Kura, sai busasshiyar karkara ta ja da baya, gonakin alkama da tumatir da albasa su shimfiɗu hagu da dama, kore shar. Haka abin yake har Kadawa da Kwanar Gafan, haka kuma yake ta ɓangaren Bunkure. A nan manomi ba ya zaman jiran damina kaɗai kafin kuɗi su shigo hannunsa. Inda kuwa ake girbi fiye da sau ɗaya a shekara, aure ba ya yankewa, suna ba ya yankewa, mai kiɗa kuma ba ya rasa mai kiransa.

Shi ya sa za ka tarar da masu cin abinci da sauti iri-iri a garuruwan yankin. Akwai masu kalangu da ganga da suka gaji sana'ar kaka da kakanni. Akwai masu mandiri na majalisin yabon Manzon Allah (SAW). Akwai matasa masu ba da hayar lasifika, waɗanda ake kira 'yan DJ. Akwai kuma mawaƙan zamani masu hawa mota su shiga birnin Kano su yi waƙa a situdiyo. Hanyoyinsu sun bambanta, amma akwai ƙaiƙayi guda da ke damun da yawa daga cikinsu, musamman matasa: son sabon kaya. Mai lasifika huɗu yana lissafin yadda zai cike shida. Mai fiyano ya ji labarin wadda ta fito bayan tasa, barci ya ƙaurace masa. Mai makirufo mai waya ya ga maras waya a hannun wani, nasa ya fita daga ransa.

Shin wannan ƙaiƙayi yana da ranar warkewa? Ko kuwa makaɗi haka zai ƙare, yana saye yana sayarwa, yana cika kuɗi yana sake ɗaukowa? Tambayar ta cancanci a tsaya a kanta, domin kuɗin da ake zubawa a cikin waɗannan kaya kuɗin gumi ne, na shinkafa da tumatir, kuma sau da yawa na bashi.

Daga ruwan Tiga zuwa filin biki

Ba za a fahimci kasuwar kiɗa a wannan yanki ba sai an fara da ruwa. An gina madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano a farkon shekarun 1970, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala ta a 1974. Daga ita ne babbar hanyar ruwa take gangarowa, ta rarrabu zuwa ƙananan magudanai da ke shayar da gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, ba tare da an tura ruwan da inji ba, gangara ce kawai take tafiyar da shi. Kashin farko na shirin an tsara shi ne a kan kimanin hekta 22,000, kuma tun daga 1976 Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce take kula da shi.

Wannan ruwa ya sauya kalandar kuɗi. Da damina a shuka shinkafa. Da sanyi ya shigo a shuka alkama, a dasa tumatir da albasa da attaruhu. Kura ta zama cibiyar gyaran shinkafa da cinikinta, Kwanar Gafan kuma ta zama dandalin da manyan motoci ke lodin kwandunan tumatir zuwa kudancin ƙasar. Kowane girbi yana haifar da nasa bukukuwan. Idan aka haɗa da gaggawar ɗaura aure kafin azumi, da shagulgulan Sallah, da watan Mauludi, da kakar siyasa idan ta zagayo, za a ga cewa mai kayan sauti yana da kwanakin aiki masu yawa a shekara.

Sai dai kuɗin ban-ruwa ba su da tabbas. Idan tumatir ya nuna lokaci guda, kasuwa takan cika, farashin kwando ya faɗi warwas har manomi ya rasa kuɗin ɗauko shi daga gona. A 2016 tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da maƙwabtanta. A shekarar ce kuma aka buɗe masana'antar tumatir ta Ɗangote a Kadawa, wadda aka sa wa rai za ta daidaita farashi, amma ta sha tsayawa saboda ƙarancin abin sarrafawa. Duk shekarar da gona ta yi asara, biki yakan ƙanƙance. Ango yakan ce a yi walima kawai a tashi. Matashin da ya karɓo lasifika bashi da fatan kakar biki mai albarka, shi ke kwana da fargaba.

Ga abin lura: matasa da yawa masu wannan sana'a su ma manoma ne ko 'ya'yan manoma. Da safe suna gona, da yamma suna filin biki. Ribar fegin shinkafa ita ke komawa amfilifaya. Saboda haka shawarar sayen sabon kaya ba ta tsaya kan kiɗa ba, ta taɓa takin baɗi da abincin gida.

Ranar da sauti ya koma cikin akwati

A da, makaɗin Hausa ba ya zuwa kanti ya sayi abin kiɗansa. Yana haɗa shi ne, ko ya sa a haɗa masa. Masassaƙi ya fafe kangon kalangu, a samo fata, a ɗaure ta da tsarkiya, a lanƙwasa makaɗi. Mai kukuma ya nemi ƙoƙo da fatar guza da izgar doki. Mai kotso ko taushi ya san irin danƙon da zai manna a tsakiyar fata don muryar ta zauna. Abin kiɗa irin wannan ba ya da sabon samfuri. Kalangun bana da na shekaru hamsin da suka wuce siffarsu ɗaya. Abin da ke tsakanin makaɗi da kayansa kulawa ce: hunturu ya ɗame fata, damina ta sassauta ta, idan ta fashe a sake wata, kangon yana nan. Bambancin wannan makaɗi da wancan yana hannu, yana hammata inda ake matse tsarkiya, yana kunne.

Lissafin ya juya ne da zuwan finafinan Hausa na bidiyo. Bayan fitowar Turmin Danya a 1990, masana'antar ta bunƙasa a Kano, kuma waƙa ta zama jigon sayar da fim. A tsakiyar shekarun 1990 aka fara amfani da fiyanon Yamaha a situdiyoyin birni, Iyan-Tama na cikin na farko-farko. Zuwa wajen shekarar 2000, lokacin da fim ɗin Sangaya ya karaɗe gari, kiɗan fiyano ya riga ya mamaye kunnen matasa. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kan wannan sauyi da abin da ya haifar.

Fiyano ta zo da alheri mai girma. Yaron da bai gaji kiɗa ba, wanda a da ba shi da ƙofar shiga sana'ar, ya samu hanya. Mutum ɗaya ya iya fitar da abin da a da sai an tara mutum goma. Amma ta zo da wani abu da ba a lura da shi da wuri ba. Sautukan da take fitarwa, na ganga da sarewa da goge, a cikinta aka zuba su tun daga masana'anta. Duk wanda ya sayi irin wannan samfuri, irin waɗannan sautuka zai samu. Idan situdiyo goma suka mallaki fiyano iri ɗaya, kiɗansu zai yi kama da juna, masu sauraro su fara gajiya. Hanya mafi sauƙi ta fita daban ita ce a riga kowa sayen samfurin da ya biyo baya. Shi ma bayan 'yan watanni kowa ya saye shi, a koma gidan jiya.

A nan ne tushen ƙaiƙayin yake. Muddin sabunta kiɗa yana cikin akwati, to da kuɗi ake sayen sa, kuma kamfanin da ke ƙera akwatin ba zai daina fitar da sabo ba. Zuwan kwamfuta bai kashe wannan ba. Manhajoji irin su FL Studio da Auto-Tune sun rage tsadar buɗe situdiyo, har ɗaki guda da laftof da makirufo suka isa a fara aiki, a titin Gidan Zoo a Kano ko a cikin ƙauye. Sai kwaɗayin ya sake kama wasu abubuwan: laftof mai sauri, makirufo mai tace murya, lasifikar tantance sauti, da tarin sababbin sautuka da ake saukewa daga intanet ba iyaka.

Lamarin bai taƙaita ga ƙasar Hausa ba. A 1996 Walter Becker na ƙungiyar Steely Dan ta Amurka ya rubuta maƙala a mujallar Guitar Player, inda ya kwatanta son tara jita da wata cuta mai kama makaɗa. A 2021 kuma masu bincike biyu, Jan-Peter Herbst da Jonas Menze, suka fitar da littafi sukutum a kan batun ta hannun maɗaba'ar Jami'ar Huddersfield da ke Ingila. Bambancin kawai shi ne, a can sau da yawa rarar albashi ce ke tafiya, a nan kuwa jarin gona ne.

Me ke tura mutum kasuwa?

Adalci ne a rarrabe, domin ba kowane saye ne kwaɗayi ba.

Akwai sayen dole. Kayan lantarki a karkara suna shan wuya. Ƙurar hunturu tana shiga ko'ina. Zafin bazara yana dafa amfilifaya. Wutar janareta tana hawa tana sauka, ta ƙona abin da ta ƙona. Ana loda lasifika a A-Daidaita-Sahu ko a kurkura, a bi da su hanyar gona mai gargada. Kayan da aka saya na hannu, waɗanda suka riga suka yi shekaru a wata ƙasa, ba su cika daɗewa a irin wannan yanayi ba. Wanda ya maye gurbin abin da ya mutu, sana'arsa yake karewa.

Akwai sayen gasa. Uwar biki idan ta aiko a kira mai DJ, abin da takan fara tambaya shi ne ko kayansa suna da ƙara. A ƙauye ƙarar lasifika ita ce sanarwa: ita ke gaya wa maƙwabtan gari cewa gidan wane ana biki, kuma ba ƙaramin biki ba. Idan abokin hamayya ya jera akwatuna takwas, mai huɗu ya san wa za a kira a mako mai zuwa. Haka ma a situdiyo: mawaƙi yakan leƙa ɗakin, ya ga girman na'urori, kafin ya saurari abin da mai haɗa kiɗan ya iya. Ido yana yanke hukunci kafin kunne ya ji shari'ar. Wannan matsin gaskiya ne, kuma ba laifin mai sana'a ba ne shi kaɗai, jama'a ma suna da hannu a ciki.

Sai na ƙarshe, wanda ya fi wuyar magani: sayen da ake yi don a rufe wani giɓi a zuciya. Matashi ya yi waƙa ba ta karɓu ba. Maimakon ya zauna ya duba baitocinsa, ya duba numfashinsa, ya duba inda muryarsa take kaucewa kiɗa, sai ya ɗora laifin a kan makirufo. Ɗora laifi a kan kaya yana da daɗi, domin maganinsa yana kasuwa, kwana ɗaya ya isa. Gyaran hannu da murya kuwa shekaru yake ci, kuma ba wanda zai tafa maka kana cikin yin sa. Wayar hannu ta ƙara rura wutar. A TikTok da YouTube yaro yana kallon situdiyon manyan mawaƙa irin su Ali Jita, Nura M. Inuwa, Umar M. Shareef ko Hamisu Breaker, yana ganin fitilu da na'urori, ba ya ganin shekarun da aka kwashe ana koyon tsara baiti da riƙe murya. Sai ya ɗauka sirrin yana cikin abin da idonsa ya gani.

Manomin rani zai fi kowa gane wannan. Sabon injin ban-ruwa ba ya gyara fangalin da ba a daidaita ba. Komai ƙarfinsa, ruwan zai taru a gefe guda ya bar ɗaya gefen a bushe.

Alamar wannan nau'in saye a bayyane take. Murnar ba ta wuce 'yan makonni. Ana ɓare leda, a kira abokai su zo su gani, a gwada kowane maɓalli. Kafin wata ya zagayo, kayan sun zama na kullum, waƙar kuma tana nan yadda take. Sai ido ya sake komawa kasuwa. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji masu iya magana.

Waɗanda suka tsaya a kan abu ɗaya

Tarihin kiɗan Hausa cike yake da mutanen da suka kai ƙololuwa ba tare da sun canza abin kiɗa ba.

Alhaji Mamman Shata Katsina, wanda ya rasu a 1999, da kalangu ya yi suna, da kalangu ya ƙare. Ya yi zamani da garmaho da rediyo da kaset da talabijin, ya ga shigowar fiyano, bai sauka daga kan kalangu ba. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Alhaji Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya ma fi ba da mamaki. Kuntigi ɗan ƙaramin abu ne mai tsarkiya ɗaya, wanda ake riƙewa a hannu guda, amma da shi ya yi wa direba da malami da ma'aurata da talaka waƙa, da shi ya fita ƙasashen waje. Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ƙwarya ce kayan aikinta, irin wadda take a kowane gida, kuma da ita ta riƙe matan Arewa shekara da shekaru. Musa Ɗanƙwairo da Ibrahim Narambaɗa a kan kotso suka gina waƙoƙin da har yau ake nazarinsu a jami'o'i. Haruna Uji da gurminsa, Garba Supa da Hassan Wayam da kukumarsu, duk haka.

Wani zai ce ai waɗannan 'yan gargajiya ne, ba su da zaɓi. To a duba maƙwabta. Mamman Sani na Jamhuriyar Nijar ya samu wata fiyanon lantarki ƙirar Orla ta Italiya a shekarun 1970. Da ita ya naɗi kaset ɗinsa a 1978 a Yamai, kuma kiɗan da ya fitar da ita ya daɗe yana tashi a rediyo da talabijin na ƙasar. Da kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da aikin a 2013, duniya ta saurare shi da sha'awa, alhali samfurori barkatai sun fito sun shuɗe a tsakani. Mdou Moctar, shi ma ɗan Nijar, jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da katako da wayar birkin keke. A Amurka, Willie Nelson yana kaɗa jita guda tun 1969, har gogar hannu ta huda mata jiki, bai rabu da ita ba.

Kada a ɗauka waɗannan mutane waliyyai ne da suka bar son duniya. Manyan makaɗan Hausa sun so mota, sun so doki da babbar riga, sun karɓi kyautar sarakuna da attajirai da hannu bibbiyu. Ba su kuma ƙi zamani ba: da makirufo da lasifika suka zo, sun yi amfani da su. Abin da ba su yi ba shi ne neman muryarsu a kasuwa. Sun riga sun same ta. Duk wanda ya ji tashin kalangun Shata ya san shi ne kafin ya buɗe baki. Mutumin da ya kai wannan matsayi, sabon kaya barazana ne a gare shi, domin zai iya gusar da abin da ake gane shi da shi.

Asarar da ba a lissafawa

Tsadar ɗabi'ar sabunta kaya ta ninka a 'yan shekarun nan. Kusan duk kayan sautin zamani daga waje ake shigo da su, ta Legas zuwa kasuwar Alaba, daga nan zuwa Sabon Gari a Kano. Farashinsu yana bin dala. Kafin watan Yunin 2023 ana canjin dala ɗaya a hukumance a kan naira 460 da 'yan kai. Zuwa farkon 2024 ta haura naira 1,500. Cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 ya ɗaga litar fetur daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 nan take, daga baya ta haura 1,000. Amfilifaya mai ƙarfi tana buƙatar janareta mai ƙarfi, shi kuma yana shan mai da yawa. Kuɗin da mai biki zai iya biya kuwa bai tashi da wannan saurin ba. Sau da yawa wanda ya ƙara kaya ƙara ce ta ƙaru masa, riba ta ragu.

Akwai asarar musanya. Kayan lantarki da sun bar kanti darajarsu ta faɗi. Wanda ke mayar da na bara yana cika kuɗi ya ɗauki na bana, kowane zagaye yana barin wani abu a hannun ɗan kasuwa. Idan ya tara abin da ya bari cikin shekara biyar, zai iya tarar da kuɗin hayar gona ne ko na sa ɗa a makaranta.

Akwai asarar sani. Kowace na'ura tana da zurfin da ba a kai wa sai an daɗe da ita. Mai sauya fiyano duk shekara kullum ɗan koyo ne, bai taɓa wuce sautukan da ke sama-sama ba. Da yawan abin da yake nema a sabuwar yana cikin tsohuwar, bai tono ba ne.

Akwai kuma asarar da ta shafi al'umma baki ɗaya. Kuɗin kalangu a gida suke zagayawa: masassaƙi ya samu, mahauci ya samu, majemi ya samu. Kuɗin lasifika kuwa ƙetare suke tafiya. Yayin da biki ya koma hannun mutum ɗaya da laftof, 'yan amshi da masu ƙananan ganguna da sanƙira sun rasa gurbi. Gangar noma da ke zaburar da samari a gayya ta yi ƙaranci. Idan masu buƙata suka ragu, masu haɗa kayan ma za su watse, kuma wannan ilimi ne da ba a rubuta shi a littafi ba, daga hannu zuwa hannu yake tafiya. Kura gari ne da ya san darajar sana'ar hannu. Rininta ya sa sunanta ya kai har cikin Sahara, inda Buzaye ke naɗa rawanin ɗan Kura. Garin da ya san wannan bai kamata ya zuba ido sana'ar haɗa ganga ta ɓace ba.

To, ana ƙoshi?

Ana ƙoshi, amma shekaru kaɗai ba sa kawo shi. Akwai dattijon da har yanzu idonsa na kan kanti, akwai matashin da ya natsu da wuri. Haka nan talauci ba ya kawo shi. Wanda tsada ta hana saye bai warke ba, jira yake kuɗi su shigo. Kuma mallakar komai ba ta kawo shi, domin kamfanoni ba za su daina ƙera sabo ba.

Abin da ke kawo shi shi ne makaɗi ya san abin da yake so a ji daga gare shi. Daga ranar da ya gane muryarsa, tambayar da yake yi wa kansa takan canza. Ya daina tambayar me ya fito, ya koma tambayar me ya rage masa. Irin wannan mutum bai daina saye gaba ɗaya ba. Yana saye idan abu ya lalace, ko idan akwai aiki takamaimai da kayan hannunsa suka kasa yi, kuma yana iya faɗin aikin da baki kafin ya taka kasuwa. Sha'awar ba ta mutu ba, ta sami wurin zama ne: ta koma kan baiti mai ma'ana, kan tsaftar sauti, kan yaran da yake koyarwa.

Ga mai hayar lasifika, wanda kaya su ne jarinsa, ƙoshi yana zuwa ta hanyar alƙalami. Ya rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita a kowane biki, har da mai da kuɗin mota da na yara. Ya lissafa biki nawa sabuwar akwati za ta yi kafin ta mayar da kuɗinta. Babban taron da ke zuwa sau biyu a shekara, ya yi hayar ƙari daga abokin sana'a ya fi masa sauƙi a kan ya saya ya ajiye. Masu sana'ar a gari ɗaya za su iya haɗa adashi, su mallaki manyan kaya tare, maimakon kowa ya ci bashi don ya fi ɗan'uwansa ƙara. Koyon gyara, yadda ake naɗa wayar lasifika da yadda ake kare amfilifaya daga hawan wuta, ya fi sabon kaya riba. Kuma jarin gona a bar wa gona.

Jama'a ma da nasu. Masu biki su riƙa tambayar iyawa kafin ƙara, ko don tsofaffi da marasa lafiya da jarirai da ke maƙwabtaka, ko don kunnuwan yaran da ke tsayawa dab da akwatunan. Masu hali su riƙa gayyatar mai kalangu tare da mai DJ, kowa ya samu rabonsa. Iyayen gidan sana'a su riƙe yaransu a kan kaya ɗaya har sai sun ƙure shi. Masu situdiyo kuma su buɗe ƙofa ga makaɗan gargajiya su naɗi kalangu da kukuma na gaske, domin wannan sauti ne da babu kamfanin da zai sayar wa abokin hamayyarsu irinsa.

Matashin da ke tsaye a bakin kanti da kuɗin shinkafarsa a aljihu yana da 'yancin ya saya. Amma kafin ya ƙirga, ya kamata ya iya amsa wa kansa tambaya guda da gaskiya: abin da ke hannuna, na ƙure shi? Idan amsar a'a ce, to ya mayar da kuɗinsa, ya koma gida ya zauna da kayansa, domin aikin da ya rage nasa ne.